RAV4 ko CR-V? Tambayoyi da amsoshi ga mai shirin sayen sabuwar mota

Duk wanda ya fara neman mota mai ɗan tsayi, wadda za ta ɗauki iyali da kaya amma ba ta kai babbar jif shan mai ba, da wuya bai tsaya a kan waɗannan biyun ba: Toyota RAV4 da Honda CR-V. Sun shekara talatin suna gogayya, kuma duk lokacin da ɗaya ta sake fasali, ɗayar ma ba ta daɗewa. Daga nesa kamar ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Sai ka buɗe bonet, ka kuma zauna a kujerar baya, sannan za ka ga inda suka rabu. Alƙaluman da ke ƙasa na samfuran da ake sayarwa a Amurka ne. A wasu ƙasashe injin da kayan cikin sukan bambanta, don haka ka duba takardar motar da ke gabanka.

Da me irin wannan mota ta bambanta da jif ta ainihi?

Da yadda aka ƙera ta. Motoci irin su Land Cruiser da Hilux suna da shasi na ƙarfe daban, sai a ɗora bodi a kai. RAV4 da CR-V kuwa bodin da shasin abu ɗaya ne, kamar ƙaramar mota, sai dai an ɗaga su sama an kuma faɗaɗa bayansu. Shi ya sa ba su da nauyi sosai, suna da laushin tuƙi, ba sa shan mai kamar jif. Shi ya sa kuma bai kamata ka sa ran za su jure wahalar da Land Cruiser ke jurewa ba.

RAV4 ce ta fara fitowa a Japan a 1994, CR-V ta biyo ta a 1995. Ana lissafa su cikin motocin da suka buɗe wannan kasuwa tun farko.

Waɗanne samfura ne ake magana a kansu?

CR-V ta yanzu ita ce zubi na shida, wadda ta fito a matsayin samfurin 2023. RAV4 zubi na biyar ta fara daga samfurin 2019 har zuwa 2025. A watan Mayun 2025 Toyota ta nuna zubi na shida, samfurin 2026, kuma a Amurka ta daina sayar da mai fetur zalla, sai haibirid kawai, wato mai haɗa injin fetur da na lantarki. Yawancin awon da zan kawo na zubi na biyar ne, domin ita ce aka daɗe ana tuƙawa har aka san halinta. Sabuwar ba ta canja girma sosai ba.

Wane inji ne a cikin kowacce, kuma me ya sa ake ta jayayya a kai?

Nan ne bambancin ya fi girma, kuma nan ne na fi son mai saye ya nutsu.

RAV4 zubi na biyar mai fetur zalla tana da inji mai lita 2.5, mai fulogi huɗu, babu turbo. Ƙarfinsa doki 203, an haɗa shi da giya atomatik mai hawa 8. CR-V mai fetur zalla tana da ƙaramin inji mai lita 1.5, shi ma fulogi huɗu, amma da turbo, ƙarfinsa doki 190, an haɗa shi da giya irin ta CVT.

A takarda RAV4 ce gaba da doki 13. A kan titi ba haka ake ji ba. Aikin turbo shi ne ya yi amfani da hayaƙin da ke fita ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin inji. Da wannan, ƙaramin injin Honda yana ba da cikakken ƙarfin fizgarsa tun yana juyi 1,700 a minti. Na Toyota sai ya kai wajen juyi 5,000 kafin ya ba da nasa gaba ɗaya. Ma'ana, a cikin gari, daga tsayuwa zuwa tashi, CR-V tana amsa totur cikin sauƙi ba tare da hayaniya ba, ita kuwa RAV4 sai ka ɗan taka, kuma idan ka taka za ka ji muryar injin har cikin mota. Masu RAV4 da yawa sun yi ƙorafin wannan ƙara, kuma gaskiyarsu ne.

To me ya sa wasu ke riƙe da injin Toyota duk da haka? Saboda sauƙin gininsa. Inji mara turbo ba ya ɗaukar zafi da matsi irin na mai turbo, kuma kayan da za su iya lalacewa a jikinsa sun fi ƙaranci. Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: injin 2.5 na Toyota yana fesa fetur ta hanya biyu, kai tsaye cikin silinda da kuma ta bakin bawul. Fetur ɗin da ke bi ta bakin bawul yana wanke shi, ba ya barin baƙin datti ya taru. Injin 1.5 na Honda kai tsaye kawai yake fesawa. Wannan ba ya nufin zai lalace, amma yana nufin ya fi buƙatar a kula da shi, musamman wajen yin juye a kan lokaci da kuma ingancin man da ake zuba masa.

A ganina, wanda zai riƙe mota shekara huɗu ko biyar ya sayar ba zai ga wani bambanci ba. Wanda ke son ta tsufa a hannunsa, har ta wuce kilomita 250,000, injin da ba shi da turbo zai fi ba shi kwanciyar hankali.

Na ji ana tsoron giyar CVT. Da gaske ba ta daɗewa?

CVT ba ta da hawa-hawa irin na giyar da aka saba. Bel ne na ƙarfe tsakanin wasu faifai biyu da ke buɗewa suna tsukewa, sai gudun ya riƙa ƙaruwa ba tare da ka ji canjin giya ba. Tsoron da ake yi ya samo asali ne daga wasu motoci da CVT ɗinsu ta riƙa mutuwa da wuri. Ta Honda ba ta yi wannan mugun suna ba. Abin da ba ta yafewa shi ne a zuba mata man giyar da ba nata ba, ko a bar shi ya tsufa. Honda tana da nata mai, HCF-2, kuma shi kaɗai ya kamata a zuba. Ba ta kuma son jan kaya mai nauyi a kai a kai.

Mece ce haibirid, kuma tsarin Toyota da na Honda iri ɗaya ne?

Haibirid mota ce mai injin fetur da kuma injin lantarki, da ɗan batir da ke cika kansa. Ba a jona ta da wuta. Idan ka taka birki, ƙarfin da a wata motar zai tafi a banza a matsayin zafi, a nan ana mayar da shi lantarki a ajiye, sai a yi amfani da shi wajen tashi. A tsaye cikin cunkoso injin fetur yakan mutu, na'urar sanyaya mota kuma ta ci gaba da aiki da batir.

Tsarin kamfanonin biyu ya sha bamban. Toyota, wadda ta fara wannan harka da Prius tun 1997, tana haɗa injin fetur da injinan lantarki ta wasu haƙoran giya masu zagaya juna, ta yadda duka za su iya tura tayoyi a lokaci guda. Ana kiran wannan eCVT, kuma sunan yana ruɗa mutane, domin babu bel a ciki ko kaɗan, ba ta da alaƙa da CVT ɗin da ake tsoro. Yana cikin tsarin giya mafi ƙarko da aka taɓa sa wa mota. RAV4 haibirid zubi na biyar tana da doki 219. Sabuwar ta 2026 tana da 226 a mai ja da tayoyin gaba, 236 a mai ja da huɗu.

Honda ta bi wata hanyar. A CR-V haibirid, injin fetur mai lita 2.0, mara turbo, yawancin lokaci janareta kawai yake juyawa, injin lantarki ne ke tura motar. Sai an hau gudu mai ɗorewa wani kuloci ya haɗa injin fetur da tayoyi kai tsaye. Jimillar ƙarfinta doki 204. Saboda lantarki ne ke jan ta a cikin gari, tashinta yana da santsi da shiru, kamar na motar lantarki zalla.

Lura da wani abu: da zarar ka zaɓi CR-V haibirid, ka rabu da turbo, ka rabu da CVT mai bel. Duk muhawarar da ke sama ta kau. Haka nan RAV4 haibirid ta fi mai fetur zalla ƙarfi da saurin tashi, ƙarar inji ma ta ragu. A duka motocin biyu haibirid ɗin ce ta fi 'yar'uwarta, kuma ba a shan mai kaɗai ba.

Wacce ta fi shan mai?

A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, masu fetur zalla kunnen doki suka yi: kusan kilomita 13 a lita ɗaya idan aka haɗa gari da babbar hanya. Haibirid sun kai wajen kilomita 17. Sai dai RAV4 haibirid zubi na biyar tana samun wannan ne alhali tana ja da tayoyi huɗu. CR-V haibirid tana kai 17 ne a mai ja da tayoyin gaba, idan ka ɗauki mai ja da huɗu sai ta sauko zuwa ƙasa kaɗan da 16.

Ka kuma dubi inda kake tuƙi. Ribar haibirid a cikin gari take, inda ake yawan tsayawa da tashi. CR-V haibirid mai jan gaba tana yin kimanin kilomita 18 a lita a gari, mai fetur zalla kuwa kimanin 12. A babbar hanya tazarar ta matse ƙwarai: kimanin 15 da 14 da rabi. Wanda rayuwarsa doguwar tafiya ce kullum zai daɗe kafin man da ya rage ya biya masa ƙarin kuɗin da ya sa wajen sayen haibirid.

Batir ɗin haibirid fa, ba zai mutu ya bar ni da babban gyara ba?

Zai tsufa, kamar kowane batir, amma ba da sauri ba. Kwamfutar motar ba ta barin sa ya cika fal ko ya ƙare ƙarƙaf, kuma wannan ne sirrin daɗewarsa. A Amurka Toyota tana ba shi garantin shekara 10 ko mil 150,000, wato kimanin kilomita 240,000, tun daga samfurin 2020. Honda tana ba da shekara 8 ko mil 100,000 a yawancin jihohi. Garanti yana canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka nemi a nuna maka shi a rubuce kafin ka biya.

Babban maƙiyin batir zafi ne. Akwai fanka da ke jawo iska daga cikin mota tana sanyaya shi. Kada ka toshe kafar iskar da kaya, kuma a riƙa share ƙurar da ke taruwa a wurin.

Wacce ta fi fili a ciki?

CR-V, kuma ba sai an auna ba, idonka zai nuna maka. Tsawonta kusan mita 4.7, RAV4 kuwa mita 4.6. Wurin miƙe ƙafa a kujerar baya santimita 104 ne a CR-V, 96 a RAV4. Santimita 8 kamar ba komai ba ne, har sai ka ɗaura kujerar jariri mai kallon baya ka ga ko na gaba zai iya zama ba tare da gwiwarsa ta tokare dashbod ba, ko ka ɗauki dattijo mai ciwon gwiwa a tafiyar awa huɗu. Kujerun bayan CR-V suna kwantawa baya mataki-mataki, ƙofofin bayanta kuma suna buɗewa sosai, kusan a miƙe, abin da ke sauƙaƙa shigar da yaro ko fitar da tsoho.

A but, awon Amurka har zuwa rufi ya ba CR-V mai fetur kimanin lita 1,110, RAV4 kimanin 1,065. Idan aka kwantar da kujeru tazarar ta ƙaru: wajen 2,165 da 1,975. A wasu samfuran CR-V haibirid but ɗin ya ɗan ragu.

Mai babban iyali ya sani: a wasu ƙasashe, kamar Ostareliya da Tailan, ana sayar da CR-V mai kujera bakwai. Layin na uku na yara ne, babba ba zai ji daɗinsa ba. RAV4 ta yanzu kujera biyar ce.

Wacce ta fi daɗin tuƙi?

Ni dai CR-V. Sitiyarinta ya fi daidaito, tana shanye gargada ba tare da ta girgiza na ciki ba, kuma a kwana tana zama daram. RAV4 ta fi tauri, zaman direba ya fi kama da na jif, kuma akwai masu son hakan. Wani abin yabo ga duka biyun da na ambata, CR-V zubi na shida da RAV4 zubi na biyar: sun bar maɓallan murɗawa na sanyi da na sauti, ba sai ka ɗauke ido daga titi kana laluben allo ba.

Ina bukatar mai ja da tayoyi huɗu?

Idan kwalta kake bi kullum, a ƙasar da ba a ƙanƙara, ba ka bukata. Ƙarin nauyi ne, ƙarin shan mai, ƙarin abin gyara. Tayoyi masu kyau sun fi amfani a ruwan sama.

Idan kuwa hanyarka akwai taɓo, yashi ko hawa mai santsi, to ga yadda suke. A CR-V, har da haibirid, akwai farfela da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya idan na gaba suka fara zamewa. RAV4 mai fetur ma haka take. RAV4 haibirid ba ta da farfela, wani injin lantarki ne daban a baya ke juya tayoyin baya idan bukata ta taso. Ya isa ya fitar da kai daga santsi, amma ba a yi shi don a wuni ana dambe da yashi mai zurfi ba.

Tsayin ciki daga ƙasa: RAV4 mai fetur kimanin santimita 21, CR-V mai ja da huɗu ƙasa kaɗan da haka, mai jan gaba kusan 20. Wajen jan tirela, masu fetur duka kilo 680 ne, ban da samfuran RAV4 Adventure da TRD Off-Road da suka kai kilo 1,588. RAV4 haibirid zubi na biyar tana jan kusan kilo 800, CR-V haibirid kilo 454 kacal. A wannan fanni Toyota ce gaba.

Akwai safaya taya?

Tambaya ce da mutane ke mantawa har sai ranar da suka yi faci a inda babu kowa. CR-V haibirid ta Amurka ba ta zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan like huji, wanda ba zai yi komai ba idan gefen tayar ne ya yage. RAV4 haibirid zubi na biyar tana da 'yar siririyar safaya. Ɗaga shimfiɗar but ka gani da idonka.

Ta ɓangaren kariya daga haɗari fa?

Nan kam sun yi kusa ƙwarai. Kowacce tana zuwa da na'urorin taimakon direba, Toyota Safety Sense da Honda Sensing: birki mai kama kansa idan motar ta hango karo, gargaɗi idan ka fita daga layinka, da tsarin da ke riƙe tazara tsakaninka da motar gaba. Duka sun samu tauraro 5 a gwajin karo na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka. A 2019 wata mujallar motoci a Suwidin ta gwada RAV4 a gwajin kauce wa abu ba zato, bayan motar ya riƙa tsalle, daga baya Toyota ta gyara manhajar da ke daidaita motar.

Abin dubawa shi ne, ba kowace ƙasa ake kai wa motar da cikakkun na'urorin nan ba. Ka tambayi adadin jakunkunan iska, ka tambayi ko akwai na'urar da ke nuna motar da ta ɓuya a gefenka, domin a ƙananan samfura akan cire ta.

Waɗanne matsaloli aka sani a kansu?

Babu wadda ba ta da tabo. A CR-V ta 2017 da 2018 mai injin 1.5, an samu fetur yana gangarawa ya gauraya da baƙin mai, musamman a wurare masu tsananin sanyi da kuma ga masu gajerun tafiye-tafiye da inji ba ya samun ɗumi. Abin ya yi tsanani a Sin har Honda ta dakatar da sayar da motar a can na wani lokaci a 2018, ta kuma gyara manhajar injin. A Oktoban 2024 Honda ta kira motoci kimanin miliyan 1.7 a Amurka, har da CR-V ta 2023 zuwa 2025, saboda sitiyari da ke yin tauri.

A gefen Toyota, RAV4 haibirid ta farkon zubi na biyar ta yi fama da tankin da ba ya cika yadda ya kamata, famfon gidan mai ya riƙa yankewa da wuri. An kuma samu tsatsa a mahaɗar kebul ɗin da ke kai wuta ga injin lantarki na baya, galibi a wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kamar Kanada. A Nuwamban 2023 an kira RAV4 na 2013 zuwa 2018, sama da miliyan 1.8 a Amurka, kan ƙaramin batir da ka iya motsawa ya jawo gobara.

Kiran mota don gyara kyauta ba abin kunya ba ne ga kamfani. Ko sabuwa ce fil, ka ba dila lambar shasi ya duba ko akwai wani kira da ba a yi mata ba tukuna. Wani abin lura kuma: shekarar farko ta kowane sabon zubi ita ce ta fi yawan ƙananan matsaloli, kuma RAV4 ta 2026 shekarar farko ce.

Kulawa da su tana da wahala?

A'a. Duka sarƙa ce ke daidaita lokacin injinsu, ba bel ɗin roba da ake canjawa ba. Duka siririn mai suke so: 0W-16 ga injin 2.5 na RAV4 zubi na biyar, 0W-20 ga CR-V. Kada wani ya ce maka mai kauri ya fi, ramukan da mai ke bi a waɗannan injina ƙanana ne. Birkin haibirid yana daɗewa, tunda injin lantarki ne ke yin yawancin aikin rage gudu. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ka sayi haibirid, ka tabbata akwai makanike kusa da kai da ya san ta, yake da kwamfutar duba ta. Wayoyi masu launin ruwan lemo da ke jikinta suna ɗauke da wuta mai kisa, ba wurin koyon aiki ba ne.

Mai jona wa wuta fa?

RAV4 mai caji zubi na biyar, wato haibirid da ake iya jona wa wuta, tana da doki 302, tana kuma tafiyar kimanin kilomita 68 da lantarki zalla a awon Amurka kafin injin fetur ya tashi. Honda tana sayar da irinta a Turai. Irin wannan mota tana da amfani ga mai wurin caji a gida da wuta tsayayya. Idan babu, batir mai nauyi kawai za ka riƙa yawo da shi.

Da kai ne, wacce za ka ɗauka?

Da kujerar baya ce ke cike kullum, da yara ko da iyaye, CR-V haibirid zan ɗauka, in nemi safaya taya in jefa a but idan zan yi nisa. Da ni kaɗai ne ko mu biyu, ina yawan bin hanyar da ba kwalta, ina kuma son in riƙe motar shekara goma ko fiye in sayar da ita da daraja, RAV4 haibirid. Idan haibirid ba za ta yiwu ba saboda babu mai gyara, zan karkata ga RAV4 mai injin 2.5, in haƙura da ƙararta.

Me zan duba ranar gwajin tuƙi?

Ka gwada su rana ɗaya, a hanya ɗaya, don jikinka bai manta ta farko ba. Ka je da wanda zai riƙa zama a baya, ka daidaita kujerar direba yadda kake tuƙi, sannan shi ya zauna a bayanka. Idan akwai kujerar jariri ko keken yaro, ka zo da su ka saka. Kashe rediyo, ka taka totur sosai sau ɗaya kamar za ka wuce babbar mota, ka saurari inji. Nemi gargada da gangan. Ka bar motar a rana na ɗan lokaci, ka ga minti nawa na'urar sanyaya za ta ɗauka kafin sanyi ya kai baya. Ka haɗa wayarka da allon, ka yi ribas ka shiga matsattsen wuri ka ga yadda kyamarar baya take nunawa. Kafin ka sa hannu, ka karanta takardar garantin, ka tabbata lambar shasin da ke kanta ita ce a jikin motar da za a miƙa maka makullinta.